Jan Farcen Yaya a Cikin Laftof Ɗina

Laftof ɗina ta girmi rabin yaran layinmu. A hannun babban wanmu na gaje ta, batirinta ya daɗe da rasuwa, murfinta kuwa sai an jingina shi da bango, in ba haka ba ya ɓingire kamar wanda ya sha maganin mura. Amma tana aiki. Da ita na koyi gyaran hoto, ina cire wa mutane ƙuraje, ina ƙara musu hasken da ba a haife su da shi ba.

Da mai situdiyon hoto na bakin titi ya ce in fara aiki ranar Litinin, sharaɗi ɗaya ya kafa min: "Ka zo da kwamfutarka. In babu, akwai wani yana jira."

Mijin yayata gyaran kwamfuta yake yi. Injiniya ake ce masa, shi ya raɗa wa kansa. Da ya ji labarin a gidanmu, sai ga shi da kirki kamar ba shi ba.

"Auta, kawo ta in hure mata ƙura. Ba ka je wurin aiki tana wannan tarin ba."

Mama har da sa masa albarka. Ni kuma sakarai na naɗe caja na miƙa.

Da ta dawo, tari ya tafi, suma ta zo. Ina buɗe hoto sai sikirin ya koma shuɗi, ta mutu, ta farfaɗo, ta sake mutuwa. Na kira shi.

"Bairos ne, cutar kwamfuta," ya ce, yana tauna wani abu a kunnena. "Yi mata fomatin, ka share komai ka sa sabon sistem. Ai ka iya, ko duk a baki ne?"

Asabar da safe na baje a tsakiyar falo. Na kwashe hotunana, na soka filashin da ke ɗauke da sistem ɗin, na share komai. Layin nan mai nuna ci gaba ya fara tafiya, yana ja, yana ja, ina yi masa kirari. Ya kusa tsakiya sai shuɗi. Na sake. Wannan karon ko tsakiyar bai kai ba.

Na ce filashin ne munafuki. Na je shagon intanet na ƙasan layi aka zuba min sabo a wani. Shuɗi. Na ce to zafi ne, na ɗora ta a kan kofuna, na jawo fankar falo na saita mata.

"Kai Auta, ni zufa na kashe ni, ka ɗauke fanka ka ba ƙarfe?" in ji Mama daga kujera.

"Mama ke kin saba. Ita jinya take."

Shuɗi. Na sa ta binciki had disk ɗinta, rumbun ajiyarta ke nan, ta ce lafiyarsa lau. Ga tsohon sistem na share, ga sabo ya ƙi zama. Laftof ta zama faranti. Na sake kiran Injiniya.

"Ayya, to bod ɗin ne, uwar kayan cikinta, ya tafi," ya ce. "Kawo min ita kawai, in ga abin da zai ciru a jikinta. Kada ta zame maka shara."

Saurin wannan "kawo min" ɗin ne bai kwanta min ba. Mutum ko jaje bai gama ba har ya fara rabon gado.

Na kifa ta, na sa sukudireba na buɗe bayan. Akwai wasu 'yan falle biyu kore masu kama da cingam, ram ake ce musu, a kansu kwamfuta ke riƙe abin da take yi. Na ɓalle na sama, na juya shi. A kusurwarsa ga ɗigon jan farce, ruwan hoda mai ƙyalƙyali.

Na san kalar, ta Yaya ce. Na kuma san aikin ɗigon, don na sha zama a shagon Injiniya. Gwangwanin madara biyu gare shi a kan kanta, ɗaya na ram masu rai, ɗaya na matattu. Duk ram ɗin da ya gwada ya ga ya lalace sai ya ɗiga masa jan farcen matarsa ya jefa a na matattu, kuma ba ya sake gwadawa har abada, ɗigon kawai yake kallo. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya zubar da su, ya ce wataƙila su yi amfani. Ashe ni ne amfanin: ya zare nawa mai rai, ya maye min da matacce.

Na bar ta da ram ɗaya na sake kunnawa. Sistem ya shige sumul, ko tuntuɓe babu. Sai dai fa tafiyar hawainiya, kafin hoto ɗaya ya buɗe ka yi wanka ka shafa mai. Da wannan zan je situdiyo? Kafin azahar an sallame ni.

In na gaya wa Mama, cewa za ta yi a yi haƙuri, suruki ne. In na gaya wa Yaya, kuka za ta yi, ƙarshe ni zan ba da haƙurin. Ni kuwa ba haƙuri nake nema ba. Gumi nake so in gani a goshin mutumin nan.

Na biya gidan Yaya na ce ta ba ni ruwan goge jan farce da auduga.

"Kai kuma me ya haɗa ka da shi?"

"Tabo ne a jikin kwamfuta." Ƙarya na yi? Ban yi ba.

Na sami Injiniya a shago, na langaɓe kai. "Ga gawar na kawo."

Har kunne bakinsa. "Yauwa ɗan albarka. Zauna ka duba min shago, in je in ci abinci."

Yana shan kwana na sauke gwangwanayen. Na zazzage na matattu a kan tebur, na bi su ɗaya bayan ɗaya da auduga, ina fito. Kowanne ya fita tas kamar sabon wanka. Na tattara na juye su cikin na masu rai, na rufe, na girgiza da hannu biyu har da 'yar rawata.

Sai da na zauna zan ɗauki nawa in yi gaba, sannan na farga. Nawa ai yana cikin gwangwanin masu rai. Na buɗe na leƙa: duk kore, duk tsayi ɗaya, duk suna kallona. Wallahi zagin da na yi wa kaina ko Injiniya ban tanadar wa irinsa ba.

Ba yadda zan yi sai gwaji. Na buɗe bayan laftof, na soka na farko. Sikirin baƙi ƙirin. Na biyu, ta hau ƙara kamar motar asibiti. Ina kan na gaba Injiniya ya shigo da tsinke a baki. Ya shaƙi iska, ya ga auduga duk ruwan hoda, ya ga gwangwani a kife. Tsinken ya faɗi.

"Auta. Ina matattun?"

"Sun tashi, ranka ya daɗe. Sun shiga cikin jama'a."

"Kai mahaukacin ina ne? Ka san me ka yi min? Jibi wani mai makaranta zai kawo tsofaffin kwamfutocinsa, duk irin wannan suke ci!"

Ya yo kaina. Na zaro wanda na ciro a laftof ɗina daga aljihu, shi kaɗai ban goge ba, na ɗaga masa a saitin hanci.

"Wannan a cikin laftof ɗina na tsince shi. Mu je mu tambayi Yaya, ko ita ta shiga ciki ta yi kwalliya?"

Ya tsaya cak. Ya sosa ƙeya. "Aro na yi fa. Testin, gwaji kawai."

"To ni ma testin nake. Miƙo na gaba."

Ya waiga ya dubi kwamfutocin da ke shagon. Duk 'yan zamani ne, raminsu ba ya karɓar tsohon ram. Tsohuwata ce kaɗai za ta iya faɗa masa wane ne mai rai. Sai ga Injiniya guda ya jawo benci ya zauna a gefena, yana miƙo min kamar yaron shago.

"Baƙi. Ɗiga masa. Na gaba! Yi sauri, Oga, ko abincin bai zauna ba?"

Ya miƙo na gaba. Gumin da na zo nema kuwa ga shi nan yana gangarowa har cikin kwala.

Can muka dace da wanda ya tashi lafiya, da na duba ma ashe ya fi nawa girma. Na haɗa shi da wanda ya rage min, kuma don kada a yi min sakiyar da ba ruwa, na sake zuba sistem ɗin tun daga farko a gabansa. Layi ya ja, ya wuce tsakiya, ya kai ƙarshe. Na buɗe hoto mafi nauyi da nake da shi, kafin in ƙifta ido ya fito.

"Wannan ba naka ba ne," ya ce a hankali.

"Da me ka gane?"

Na ɗaure bayan, na naɗe caja, na saƙala jaka a kafaɗa.

"Ina kuma za ka? Ko kwatan gwangwanin ba mu yi ba!"

"Guga zan yi. Ma'aikaci ne ni yanzu."

"Haba ƙanina, bar min ita zuwa gobe mana. Auta! Autan Mama!"

Daga bakin ƙofa na waiwaya. Ya rungume gwangwani a cinya, yana ɗaukar ram ɗaya ɗaya yana kai wa hanci, wai ko warin ruwan gogewar zai nuna masa matattun. Ni kuwa na san girgizar da na yi musu. Duk warinsu ɗaya.