Sabon Kaya da Ledarsa

Kwamfutar farko da Rachida Issoufou ta haɗa wa mai saye ta ɗauke ɗif bayan minti goma sha ɗaya da fara wasa, a gaban mai kayan da mahaifinta da wasu maƙwabta biyu da ba wanda ya gayyace su. Abin ya faru ranar Asabar da hantsi, a shagon kayan kicin na mahaifin nata da ke kasuwar Mont-Bouët. Ba abin da ya ƙone. Allon ya yi baƙi, fankoki suka ɗan ƙara juyawa, suka tsaya.

Rachida shekarunta ashirin da huɗu. A Libreville aka haife ta, a nan ta yi karatun kwamfuta, kuma ta shekara biyu tana kai takardun neman aiki ofis-ofis. Mahaifinta, Issoufou, ya zo daga Maraɗi tun kafin a haife ta, yana sayar da filas da kuloli da tukwane. A watan jiya ya yarda ya ba ta kusurwar shagon ta hagu, wurin tebur ɗaya da kujera, bisa sharaɗi guda: idan mai aikin farko ya ɗauki kayansa ya fita yana murna, kusurwar ta zama tata. Idan ba haka ba, tebur ya koma gida, ita kuma ta koma yawon ofis.

Mai aikin farkon shi ne Salman, ma'aikacin fiton kaya a tashar jirgin ruwa ta Owendo. Ɗan'uwansa ne ya aiko masa da kayan daga Faransa, kowanne a kwalinsa: furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, katin hoto, akwati mai bangon gilashi da fankoki masu fitila. Shi abin da yake so kawai ya yi tseren mota a allo ba tare da hoto ya tsaya ba. Ranar Juma'a Rachida ta haɗa komai, ta kunna da yamma, ta ga ta tashi lafiya. Wasan kansa yana hannun Salman, don haka ba a gwada ta da aiki mai nauyi ba sai da ya zo.

Wanda ya fara magana bayan ɗaukewar shi ne Alhaji Sabitu, ɗan Kano mai sayar da wayoyi a shagon kusa. Bai taɓa mallakar kwamfutar tebur ba, amma yana kallon bidiyon masu haɗa ta.

"Ni tun da na ga katin hoton nan mai jan kwali ne na yi shiru," in ji shi. "Masu abin, koren kwali suke saya. Wannan kowa ya sani."

"Kati lafiyarsa lau, Alhaji," in ji Rachida. Tana duba wayoyin baya.

"To me ya kashe ta?"

"Shi nake nema."

Hamadou, direban tasi ɗan Tawa wanda ya shigo sayen murfin filas ya zauna, ya sa tafin hannu a saman akwatin kamar yadda yake yi wa bonet.

"Zahi ne," ya ce. "Injin da ba ya shan ruwa, ina za shi? Wani fasinja ya gwada mini tashi kwamfutar a waya, da tiyo biyu da lagireto. Wagga iska kuka ba ta. Iskar Libreville kuwa ko mutum ba ta isa."

"Tonton, wannan fankar ta ishe ta."

"Haka mai garejin Alibandeng ya ce mini, bayan sati guda na kwana bisa hanya."

Issoufou yana bayan kanta yana goge wata tukunya. Ra'ayinsa bai canza ba tun ranar da aka buɗe kwalaye: abin da aka yi wa bangon gilashi da fitilu kala bakwai, akwatin kifi ne.

"Kuran ne," ya ce. "Wutar lantarki ta yi ƙasa. Ko kuma an aiko mishi tsohon kaya cikin sabon kwali. Turai ma akwai 'yan kasuwa."

Salman ya ce kayan sababbi ne, yana da rasit. Ya faɗa da Faransanci, sannan ya maimaita da Hausa don Issoufou.

Rachida ta sake kunnawa. Wannan karon ta buɗe ma'aunin zafi a gefen allo kafin Salman ya kama sitiyarin wasa. Lambar ta fara daga hamsin da biyar. Motar Salman na shan kwana ta biyu ta kai tamanin. Alhaji Sabitu yana karanta lambobin da ƙarfi kamar mai gwanjo. A casa'in da biyar hoto ya fara tsalle. A ɗari allon ya yi baƙi. Minti tara.

"Na ce zahi ne," in ji Hamadou.

"Jan kwali ne ke kawo zafin," in ji Sabitu.

Salman ya duba agogo. Ya ce yana da kwantena da za a fitar kafin azahar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce akwai wani mai gyara a unguwar Cocotiers da abokinsa ya yaba masa, amma ba ya son a yi ta jigilar akwatin gilashi a tasi. Ya cire faifansa na wasa, ya sa a aljihu.

"Ka ba ni awa ɗaya," in ji Rachida.

"Zan kira ki," ya ce, ya fita.

Ta kwantar da akwatin a tebur, ta cire gilashin. Zafin daga furosesa yake, ba daga katin hoto ba, ma'auni ya nuna hakan. A kan furosesa akwai dunƙulen ƙarfe mai fanka, wanda gindinsa na jan ƙarfe ke manne da ita yana zuƙe zafi. Ta kwance kusoshi huɗu, ta ɗaga shi. Man toka-tokan da ake shafawa tsakanin su biyun ya bazu daidai. Ta sa auduga ta goge gindin. Man ya fita da sauƙi fiye da yadda ya kamata, kuma ƙarfen yana wani ƙyalli. Ta sa farce a gefe. Wata siririyar leda ta ɗago, fara tas, an yanke ta daidai da faɗin ƙarfen.

Ta riƙe ta a sama.

"Na cire ledar wannan jiya," ta ce. "Da hannuna. Mai jan rubutu ce, an rubuta a cire kafin a ɗaura. Wannan ba ta da rubutu."

Issoufou ya ajiye tukunyar.

"Waccan kin cukuikuye ta," ya ce. "Ba ta mannuwa. Sai da na yanko sabuwa."

A Mont-Bouët an san Issoufou da wannan. Kaya ba ya fita daga shagonsa ba leda, don a wurinsa abin da aka ɓare ya zama na hannu, ko da minti ɗaya ne. Talabijin ɗin gidansa ta shekara bakwai da ledar gefenta. Ranar Juma'a da Rachida ta tafi Cocotiers sayo man shafawar, ya tarar da kayan mutum a baje a tebur, duk an tuɓe su. Ya mayar wa gilashi ledarsa, ya mayar wa katin hoto tasa. Da ta dawo ta ga waɗannan biyun, ta sake cirewa tana gunaguni. Gindin ƙarfen ne ba ta juya ta duba ba, don ta san ta gama da shi.

"Baba, ƙarfen nan sai ya taɓa furosesa. Aikinsa ke nan. Ka sa musu katanga."

"Ni na ga jan ƙarhe tsirara, iskar teku na bugun shi. Kwana biyu ya yi tsatsa, mai kaya ya ce mun musanya mishi."

"Ba a ganinsa ma! A ciki yake!"

"Allah na gani."

Alhaji Sabitu ya karɓi ledar, ya ɗaga ta wajen haske, ya juya.

"Gaskiya yankan ya yi kyau," ya ce. "Ko kumfa babu. Da me ka yi?"

"Reza."

"Ni masu manna min gilashin waya ba sa yin haka."

Hamadou ya ce duk da haka da mai ruwa ce da ba ta mutu ba. Rachida ta ce da mai ruwa ce, da ita ma an manna mata leda. Issoufou bai musa ba.

Ta goge furosesa, ta ɗiga sabon mai, ta mayar da ƙarfen. Ba ta da wasan Salman, sai ta sauke wata manhaja da ke sa kwamfuta aiki iya ƙarfinta. Aka zauna ana kallon lamba. Ta hau sittin da takwas, ta tsaya nan. Aka yi azahar aka dawo, tana nan. Awa uku tana aiki. Sabitu ya ce da koren kwali ne da sittin za ta tsaya. Rachida ta ɗauki hoton allon da hoton ledar, ta tura wa Salman, ta rubuta masa abin da ya faru ba tare da ta ambaci wanda ya riƙe rezar ba.

Da la'asar ta tambayi mahaifinta matsayin teburin.

"Mi muka ce?" in ji shi. "Mai kaya ya ɗauka ya hita yana murna. Ya ɗauka?"

"Kai ka hana shi ɗauka."

"Ke kika ɗaura ba ki duba ba. Mai sana'a yana juya kaya kahin ya ba da."

Alhaji Sabitu, wanda ya dawo ba dalili, ya ce a ganinsa a raba laifin biyu, a raba kusurwar ma biyu. Issoufou ya ce ba a raba kusurwa, kuma ranar Laraba kwali arba'in na kuloli za su iso daga tasha, dole su sami wurin zama. Ya ƙara da cewa, ko ma mene ne, kafin akwatin nan ya fita daga shagonsa sai an mayar wa gilashin ledarsa. Rachida ta ce gilashi kaɗai. Ya ce sai ya yi tunani.

Ranar Litinin ta kira Salman sau biyu, waya na ta ƙara ba a ɗauka ba. Wani abokin aikinsa da ya zo sayen kula ya ce an tura shi garin Port-Gentil, bai san ranar dawowa ba.

Zuwa yammacin Talata, alamar waya ta nuna Salman ya buɗe saƙon, amma bai ba da amsa ba. Masu dakon da za su kawo kulolin sun aiko suna tambayar inda za su sauke, kuma har aka ja ƙofar shago Issoufou bai faɗa musu ba.