Albishir da Tunjere

Ba a taɓa ganin wanda aka ce yana da tunjere ya fito daga asibiti yana washe baki ba sai Halliru. Ya haye babur, ya bi gefen magudanar da ke kawo ruwan dam ɗin Goronyo, yana ɗaga wa masu ban-ruwan albasa hannu, idanun nan nasa ruwan ɗorawa.

Tun da shawara ta kama shi, haƙarƙarinsa na dama ya riƙe, kowa a gidan ya zama likita. Yayarsa Tani ta rantse ƙwayoyin ƙanjamau da yake sha ne suka ci masa hanta, ta jiƙa masa saiwoyi masu ɗan karen ɗaci. Shi kuwa tsoronsa kada a ce ya bar ƙwayoyin da suka tashe shi daga tabarma, suka mayar da shi gona. Ya sha, hanta ta tafi. Ya bari, shi ya tafi. Gaba kura, baya sayaki.

Sai ga gwajin jini ya wanke ƙwayoyin tas. Likita ta ce tunjere ne, ciwon nan da ake ɗauka wurin kwanciya, ya taɓa hantar, yakan yi wa masu ƙanjamau haka, kuma allura na kashe shi. Ta ce ya ci gaba da maganinsa, ya zubar da jiƙo, ya kawo iyalinsa ita ma a duba ta.

Ko jingine babur ɗin bai yi da kyau ba ya faɗa gida. Matarsa Ma'u tana tankaɗe a gindin turmi.

"Ma'u, albishirinki!"

"Goro! Mi likita tac ce?"

"Ba ƙwayoyin ba na! Tunjere na, kuma shina jin allura. Da ni za a cire albasar bana!"

Ma'u ta saki rariya ta rangaɗa guɗa, har da ƙwalla, don ita ma ƙwayoyin nan take sha, kullum da fargaba.

"Gobe tare za mu tahi," in ji shi. "An ce ke ma a duba ki."

Guɗar ta tsaya. Ta sunkuya ta ɗauki rariyar, ta kaɗe ta a hankali.

"Allah shi kai mu. Amma Malam, wancan ciwon, ƙanjamau, ka ce mini askar wanzami ta. Wanga fa?"

A ƙofar gida babur ɗin ya zame ya faɗi. Halliru bai fita ya tashe shi ba.