Ranar da Jimrau Ya Ƙi Yin Dariya

Tanimu na cikin wanka hannunsa ya sake cin karo da abin: ƙullutu ne a marainansa, gefen hagu, kamar ƙwallon dabino. Ba ya ciwo, amma ya ƙi tafiya, duk da jiƙe-jiƙen da yake ta ɗura wa cikinsa tun kafin Babbar Salla. Mutumin da ya tsufa yana dillancin raguna a kasuwar Dakoro, mai laluba dabba ya faɗi cutarta, yau ga shi tsugune a bayi yana laluben kansa.

"Malam, ruwan gidan ga duka za ka ƙarar?" in ji matarsa Dela daga bayan zana. Da ya fito yana kame-kame sai ta tare shi. "Na san mi ke damunka. Ka tahi asibiti."

"Wurin Jimrau? Gara in mutu da mutuncina."

Jimrau shi ne majo, babban ma'aikacin jinya a asibitin unguwarsu, kuma taubashin Tanimu ne, ɗan gwaggonsa. Tun suna yara bakinsa bai taɓa raga wa Tanimu ba. Da wani rago ya taɓa tunkuyar Tanimu ya faɗa kwatami, Jimrau ya shekara yana ba da labarin a gidajen suna, kullum ragon na ƙara girma. To ina ga wannan? Kafin la'asar kasuwa za ta ji dillali ya yi gwaiwa.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya," in ji Dela, ta miƙa masa takalmansa.

Ya naɗa rawani har hanci kamar Buzun Azagor, ya bi ta lungu. Wahalar banza ya yi, don tun daga nesa Jimrau ya gane tafiyar.

"Bawana! Wa ka cuta a kasuwa kake ɓuya?"

Da suka shiga ɗaki aka rufe ƙofa, Tanimu ya faɗi abin da ya kawo shi, idonsa na ƙasa. Ya ƙanƙame jiki yana jiran dariya. Dariyar ba ta zo ba. Jimrau ya sa safar hannu ya duba a tsanake, ya tambaye shi tun yaushe, ko yana zafi, ko yana ƙara girma.

"Mai da wandonka, Malam Tanimu."

Malam? Tun da uwarsa ta haife shi Jimrau bai taɓa kiransa da haka ba. Mutum ba ya samun irin wannan girma wurin taubashinsa sai in an kusa yi masa salla.

"Jimrau, don Allah ka zage ni."

"A ɗakin ga ba ni da taubashi, kuma abin da na gani ba ya ƙetare ƙohwar ga."

"To gaya mini gaskiya. Mutuwa ce?"

"Ban sani ba tukuna, ba ni kuma yi ma ƙarya. Yawancin irin wanga ana magance shi. Amma hannu bai isa ya yanke hukunci ba, sai ka tahi Maradi an yi ma eko, an ga hoton abin. Ko mi ne ne, gara a tare shi da wuri. Yau nike so ka tahi, ba bayan kasuwa ba."

Tanimu ya karɓi takardar, ya tsaya bakin ƙofa yana murza ta. "To zagin fa?"

"Na aje ma. Ka dawo da labarin lahiya. Rawanin ga kaɗai ya ishe ni shekara."

Gida kawai ya biya ya gaya wa Dela, ya ɗauki jaka ya nufi tasha. Da motar Maradi ta tashi, fasinjoji suka shiga addu'ar tafiya. Shi ma Tanimu ya ɗaga hannu, ya roƙi Allah abin da bai taɓa roƙa ba: Ya dawo da shi Dakoro lafiya, Jimrau ya ci masa mutunci a gaban jama'a.