Salular Mushe Irmiya

Shekara goma sha ɗaya Tanimu ya yi yana gyaran salula a Sabon Gari, cikin Maraɗi, kuma duk tsawon lokacin nan shi ne bakin unguwa a kan abin da ya shafi waya. In rezo ya ɗauke, waya ta ƙi shiga, shi ake tambaya. Da aka ce kowa ya kai katin shaida a yi wa layinsa rajista, a kan bencin ƙofar shagonsa aka yi gardamar, shi ya yanke ta. Wani abin ya sani, wani kuwa ƙirƙira yake, amma da yake ba mai ja da shi, har shi kansa ya daina bambancewa.

Ana haka sai ga Mushe Irmiya (Mushe ake ce wa malamin boko), malamin lakkwal, wato makarantar boko, daga Tsibiri, wanda aka maido aiki cikin gari. Yakan tsaya shan shayi a bencin kafin ya hau babur ya koma gida. Mutum ne mai sanyin magana, mai yawan karance-karance. Ranar da Tanimu ke rantsuwa cewa akwai wani ɗaki a Yamai inda ake sauraren kowace waya ta ƙasar nan, Irmiya ya ce a hankali, "Malam Tanimu, ina za a samu kunnuwan? Yawancin asirin da ke fita, wani na kusa da kai ne ke tura shi."

Aka yi dariya. Tanimu ma ya yi, amma shayin ranar bai yi masa daɗi ba.

Daga nan Irmiya ya fara yin gajerun saƙonnin murya yana turawa gurup ɗin unguwa: yadda ake rufe salula da kod, wato lambar sirri, dalilin da ba a faɗa wa baƙon murya lambar da ta shigo, abin da sabuwar dokar intanet ta ce game da mai tura maganar da bai tabbatar ba. Saƙonnin suka yi ta yawo. Wata rana Tanimu ya shiga gida ya tarar da matarsa Tasalla tana tankaɗe, muryar Irmiya na tashi daga salularta.

"Ni da ke cikin gidan nan ban ishe ki bayani ba?"

"Kai ai faɗa kake yi," in ji ta. "Shi kuwa sai ka gane."

Bayan zaɓe gari ya ɗauki zafi, aka yanke intanet na kwanaki. Da ya dawo, wani gidan rediyo mai zaman kansa ya buɗe shiri kan harkar sadarwa kowace Asabar, aka gayyaci Irmiya. Tanimu ya saurari shirin farko yana kwance wata salula, sai da ya ɓalle mata waya biyu. Abin da ya fi ci masa rai, rabin misalan da malamin ke bayarwa a bencinsa ya tsince su.

Sati uku da fara shirin, salular Irmiya ta faɗi a hanyar Tsibiri, gilashin ya tsage. Ya kawo wa Tanimu.

"Sai ka ba ni kod, in gwada in na gama," in ji Tanimu.

Irmiya ya faɗa masa. "Kai ai na gida ne."

Gyaran bai ɗauki awa guda ba. Sauran yinin Tanimu ya yi shi yana bin saƙonnin mutumin, yana neman abin da shi kansa bai san ko mene ne ba. Bai samu wata mace ba, bai samu abin kunya ba. Abin da ya samu saƙon murya ne guda, wanda Irmiya ya tura wa wansa Matiyas, manomi a Jiratawa, ranar da intanet ya dawo. A ciki ba sanyin maganar nan. Ya zazzagi waɗanda suka yanke layin, ya kira su matsorata, ya ambaci wani babba na yankin da suna.

Tanimu ya kwafe shi. Ya gaya wa kansa cewa so yake kawai mutane su ji malamin nasu yana da baki biyu. Washegari ya kunna wa Maman Lawali, ɗan kabu-kabu, wanda kowa ya san magana ba ta kwana a cikinsa.

"Turo mini in ƙara ji," in ji Maman Lawali.

"Kada ka ba kowa."

"Wa zan ba?"

Kafin la'asar saƙon ya shiga gurup bakwai. Kwana biyu bayan haka wasu mutane cikin farin kaya suka je lakkwal suka tafi da Irmiya.

Ranar Juma'a mai gabatar da shirin, Salima, ta kira Tanimu. An ce mata shi ne ya fi kowa sanin salula a Sabon Gari, ko zai zo gobe ya maye gurbin Irmiya? Ya sa babbar riga ya tafi. Ya daɗe yana ganin kansa a kujerar nan, yau ga shi an matso masa da makirfo. Mai kira ta farko tsohuwa ce daga Tsibiri.

"Ɗana, mi ya sa maganar da mutum ya yi da ɗan'uwansa shi kaɗai ta fita duniya?"

Tanimu ya koma kan tsohon zancensa. Ya ce akwai na'urorin da ke kama komai, ba mai tsira. Mai kira na biyu ya ƙi yarda, ya ce Mushe ya sha gaya musu na kusa ne ke turawa, kuma mutum ɗaya aka tura wa saƙon nan. Daga ranar zargi ya koma kan Matiyas. Aka ce ya daina zuwa kasuwa, aka ce matar Irmiya ta hana 'ya'yanta taka gidansa.

Kwana goma sha biyu aka riƙe Irmiya, sannan aka sake shi da gargaɗi. Mutanen da suka je yi masa barka a Tsibiri sun cika layi, har da waɗanda ba su taɓa sauraren shirinsa ba. Tanimu ya ji labarin taron, kuma duk da ya san laifinsa ne, sai da ya ji wannan ma ya sosa masa rai.

Bai je ba sai bayan sati. Ya same shi a zaure, ya rame. Suka gaisa, Tanimu ya fara kame-kame.

"Na sani," in ji Irmiya. "Matiyas bai iya tura saƙo ba, sai an danna masa. Tun ranar farko na lissafa hannun da salular ta shiga."

"Ba ka faɗa wa waɗanda suka tsare ka ba?"

"Sun tambaya. Na ga inda suka ajiye ni, ban so a kai wani ba. Ni ba na neman komai gare ka. Amma wana yana can ana nuna shi da baki. Ka je ka gaya masa, ka gaya wa matata, sannan ka faɗa a bencinka."

Tanimu ya je Jiratawa. Ya tarar da Matiyas a gonar rani yana ban ruwa, ya faɗa masa komai a tsaye. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, na ji," ya ci gaba da aikinsa. Matar Irmiya kuwa ko amsa sallamarsa ba ta yi ba, daga bayan ƙofa ta ji shi.

Na bencin ne ya gagara. Sau uku yana buɗe baki, sai wani ya kawo zancen ƙwallo ko tsadar mai, shi kuma ya bari ya wuce. Maman Lawali ne ya yi masa aikin, kamar yadda ya saba, ya baza cewa daga hannun Tanimu saƙon ya fito. Sannu a hankali masu kawo gyara suka fara tsayawa a kansa har ya gama, wasu suka koma wani shago kusa da tasha. Irmiya ya koma shirinsa bayan damina, yanzu har daga ƙauyukan iyaka ake kiransa. Tanimu yakan rufe shago da wuri ranar Asabar, ya ce kansa ke ciwo.