Taya Mai Bawul Biyu

A unguwar Briqueterie kowa ya san babban yatsan babanmu, Alhaji Mohaman Bello. Shekara arba'in ya yi yana faci a bakin titi kafin ya bar mini rumfar, amma yatsan bai yi ritaya ba. Ko keken baƙo ya gani a jingine a ƙofar masallaci sai ya latsa tayar, in ta lotsa ya girgiza kai kamar an yi mutuwa. A wurinsa taya mai laushi abin kunya ce.

Ƙanena Rashidu tela ne, yana da mata har da 'ya, amma Allah ya jarrabe shi da son gangarowa daga kan dutse a kan keke. Shi da abokansa sukan shirya tsere sau ɗaya a shekara a gangaren dutsen Mbankolo. Sau biyu yana shiga, sau biyu yana isowa ƙasa da keken a kafaɗa. Shekarar farko ya cika iska tam, tayar ta yi ta tsalle a kan duwatsu har ta watsar da shi. Ta biyu ya rage iskar don ta kama ƙasa, sai dutse ya matse robar ciki da rim, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, ta fashe.

Matarsa Salwa ta gaji da gasa masa gwiwa. Ta ce, "Bana in ka sauko da ƙafa, keken nan ya bar gidan nan." Ya amsa a gaban Baba, don haka babu zancen janyewa.

Ana saura mako biyu ya zo rumfata da kwali. Wani abokinsa ne ya aiko masa da wata dabara daga waje. Siririyar roba ce da ake sawa a cikin taya a cika ta da iska sosai, ta riƙe tayar a jikin rim, ta kuma tare duka. Sauran filin tayar kuwa iska kaɗan ake sa masa. Ɗaki biyu ke nan a taya ɗaya, kowane da bawul ɗinsa.

Ya ce, "Yaya Gali, sai ka huda mini rim don bawul na biyu."

Na huda, raina bai so ba. Baba yana kan benci yana kallonmu. Da muka gama ya taso ya latsa, yatsa ya nutse.

"Wannan a sace take."

"Haka ake so, Baba," in ji Rashidu.

"Wa yake so?"

Muka yi bayani har bakinmu ya bushe. Ya ce to, irin to ɗin da ba ya kaiwa ciki.

Ranar tsere muka hau Mbankolo da hantsi, ni da Rashidu. Baba da Salwa suka tsaya a ƙasa, inda ake ƙarewa. An yi ruwa kwana biyu, jar ƙasar nan sai santsi. Rashidu yana ɗaura hular kwano, ni kuma hannuna ya kai kan tayar baya ba da sanina ba, don gado ba ya barin mutum. Na latsa. Kamar na latsa tabarya. Ta gaba ma haka.

Ban ko tambaya ba, na san aikin wane ne. Na tuna na ji kukan famfon buga iska a zaure bayan sallar asuba.

Rashidu ya dafe kai. "Yaya, ma'aunin iska yana gida! C'est fini, shi ke nan, keken ya tafi."

Na ce, "Rufe mana baki."

Na durƙusa na buɗe bawul ɗin waje, ina sakin iska kaɗan-kaɗan ina latsawa. Mako biyu ina taɓa tayar nan kullum, yatsana ya haddace laushinta. Da na ji ta nutse daidai inda nake so, na ɗaure. Na ce masa ya yi bismilla, ni kuma na tari babur na bi kwalta zuwa ƙasa, don ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu.

Na tarar da Baba yana ta murmushi. Tun kafin in yi magana ya ce, "Ni na buga. Ɗan mai faci ya fita cikin jama'a da taya a sace? Ba da raina ba."

"Na sace ta, Baba."

Ya juya mini baya. Wallahi na ji haushi, na kuma ji dariya.

Can sai ga Rashidu ya ɓullo daga cikin itatuwa, laka har ido, keken yana lafe da ƙasa kamar an ɗinke shi da ita. A kwanar ƙarshe muka ji tayar baya ta daki dutse, ƙau! Salwa ta rufe fuska. Keken ya yi tangaɗi, ya miƙe, ya wuce layi da mai shi a kansa. Na huɗu ya zo cikin mutum goma sha tara. Salwa da ta yi rantsuwar sayar da keke, ita ta fara rangaɗa guɗa, har masu tsere suna waige.

Baba ya nufi keken. Ya je ya tsuguna gaban tayar. Dutsen ya tsaga ta, iskar waje duk ta fice. Ya latsa, yatsa ya nutse, sannan ya ci karo da robar ciki tana nan daram. Ya sake latsawa. Ya daɗe a tsugune.

Washegari ina buɗe rumfa sai ga shi yana turo tsohon baƙin kekensa, wanda tun muna yara ko ƙararrawarsa ba mu isa mu taɓa ba. Ya jingine shi a gabana, ya zauna a benci, ya gyara hula.

Na ce, "Baba, kai da ba ka wuce masallaci da kasuwar Mokolo?"

Ya ce, "Na tambaye ka? Huda."