Hular Wanka a Silin Ɗin Mama Lorraine

Shekara shida ke nan lambar wayata ce ta biyu a takardar ƙararrawar gobara ta gidan Mama Lorraine Hudak, maƙwabciyata. In ƙararrawar ta tashi, kamfani ya kira ta ba ta ɗauka ba, sai ni. In faɗi kalmar sirri, in ce ba komai, su fasa turo 'yan kwana-kwana. Ni kuwa motar 'yan makaranta nake tuƙawa, ina zan ɗauki waya da yara arba'in a bayana? Sau huɗu a bana jar motar kwana-kwana tana zuwa layinmu a banza.

Dokar garinmu ba ta da kunya. Kiran banza na huɗu a ci tarar kuɗi. Na biyar a dakatar da lasisin ƙararrawar, a aika wa mai shi takarda. Mai lasisin kuwa ɗanta ne, Dennis, yana can nesa a jihar Arizona, kuma ya faɗa da bakinsa: ranar da takardar ta iske shi, uwarsa ta bar gidan nan sai gidan tsofaffi. Shekarunta tamanin da ɗaya, hamsin a cikinsu a wannan gidan ta yi su.

Ba wani abu ke ta da ƙararrawar ba, albasa ce. Ta ɗora ta a man shanu za ta yi pierogi, wani abincinsu na fulawa, ta fita ba tsuntsaye hatsi, shi ke nan ta manta.

Bayan na huɗun sai aka yi sati uku shiru. Har na ce kai, tsohuwa ta yi hankali. Ashe ni ce marar hankalin.

Ran Asabar da rana na kai mata burodi. Tun daga ƙofa ƙauri ya buge ni. Kasko ya yi baƙi ƙirin a kan murhu, gefen labule ya babbake, ita kuma tana falo tana kallon talabijin. Na kashe wuta, na ɗaga kai. Na'urar jin hayaƙin da ke silin an rufe ta da hular wanka, an ɗaure da roba.

"Mama, wa ya sa wannan?"

"Wa kike gani a gidan?"

"Kujera kika hau? Ke? Da wannan ƙugun naki?"

"Na hau na sauko, ga ni. Rhonda, 'yata, bar ta. Saura ɗaya tak, kin fi kowa sani."

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Na jawo kujerar na hau, na fizge hular. Hayaƙin da ya rage ya ishe ta, nan take ta fasa ihu. Wayar gidan ta yi ta ƙara, Mama ba ta ko kalle ta ba. Sai tawa ta ɗauka a aljihu.

"Faɗa musu kalmar," in ji ta. "Haba 'yata, daƙiƙa nawa ne?"

Na ɗauka. Matar kamfanin ta tambaye ni ko lafiya. Na dubi labulen, na ce mata a turo su.

Mama ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta cire rigar girkinta, ta ninke, ta zauna. Muna jin jiniya tun daga mahaɗar titi.

"Don ni kika yi," ta ce, "ko gajiya kika yi da ni?"

Na so in yi mata ƙarya, bakina ya ƙi.

"Duka biyun, Mama."

Ta gyaɗa kai. "To, buɗe musu ƙofar gaba. Ki ce su goge ƙafa, jiya na wanke daɓen."