Ragon da Maidawa Ya Ƙi Sallamawa

Maidawa mai kiwon raguna ne a bakin garin Filinge, can inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza sun tafi Kwatano cin rani sun mai da shi zama, 'yarsa Samiratu kuma aure ya kai ta garin Tawa. Kafin ta tafi ta bar masa wayarta, ta koya masa ɗaukar hoto, da yadda mutum zai danna ya yi magana ya saki. A da shi ke kai ragunansa kasuwar Baleyara da kansa. Yanzu hanya ba daɗi, gwiwa ma ta fara yi masa gardama, sai ciniki ya koma cikin waya.

Kada ka raina tsohon, ya iya farautar masu saye. Ya sa an shigar da shi gurup ɗin WhatsApp na Kurfayawa, mutanen yankinsu, mazauna Yamai. Idan layya ta matso sai ya wanke rago, ya tsayar da shi inda haske ya yi kyau, ya ɗauka ya tura. Duk wanda ya ce "nawa ne?" ya shiga hannu, don gobe da hantsi zai ji muryar Maidawa tana tambayarsa kwanan iyali. Da yake boko bai zauna masa ba, da launi yake gane mutanensa. Wanda ya tambaya kawai ya sa masa kore, wanda ya taya ya sa masa rawaya, wanda aka gama da shi ja. Yawancin masu koren nan ba saye ya kawo su ba, zaman banza ne ya haɗu da kiredin waya, amma Maidawa ba ya fushi, gaisuwa ba ta ƙare masa.

A cikin masu koren ne Malam Yakubu ya ɓullo, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, haifaffen Kurfai, wanda ya daɗe a Yamai har gashinsa ya yi fari a can. Ya ga hoton wani farin balami mai wuya kamar turmi, ya aiko da murya.

"Maidawa, ragon ga ya yi. Amma hwaɗa mini, iccen da ke bayanai, gawo ne? In gawo ne, to kusa da tsohuwar rijiya kake. Nan munka yi ƙuruciya."

Maidawa ya saurari saƙon, ya sake saurare. Gawon ne kuwa. Ya ba shi amsa, ya ƙara da labarin rijiyar, cewa ta rufta tuni, awaki ne ke kwana a bakinta.

Daga nan abin ya zama na kullum. Hantsi na yi, Maidawa ya zuba wa raguna dusa da harawa, ya jawo kujera gindin gawo, waya ta yi ƙara. Malam Yakubu zai tambayi ko hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ko wane yana raye, ko har yanzu matan Tondikandiya suna kawo cuku ran kasuwa. Sannan ya ba da labarin Yamai, da ciwon sukari, da jikoki waɗanda ba sa jin Hausa sai Zabarmanci da Faransanci. Sai can a ƙarshe, kamar wanda ya tuna da mantuwa, ya taya ragon. Maidawa ya yi dariya ya ce albarka.

Gaskiyar magana, Maidawa ya yi shekaru bai sami mai yi masa hira haka ba. A masallaci ana gaisawa, a watse. 'Ya'yansa in sun kira, tambayarsu ɗaya ce, ko saƙo ya iso. Gidan nan da rana tsit yake, in ban da tuƙar raguna. Kaɗaici ya daɗe yana cinsa, bai ma san sunan abin ba sai da ya sami mai ɗebe masa shi.

Sauran ragunan suka tafi ɗaya bayan ɗaya, a nan ne kuma ya lura da wani abu da ya tsaya masa a rai. Duk mutumin da ya sa wa ja, shi ke nan. Wanda jiya yake kiransa Baba, yau rago ya isa, ya ce madalla, ba za a sake jin duriyarsa ba sai baɗi, in ma an ji. Ya duba sunan Malam Yakubu da ɗigon rawaya a gefensa, ya ji ba ya son ranar da zai mai da shi ja.

To sai ya riƙa cewa albarka. Malam Yakubu ya ƙara, Maidawa ya ce albarka. Ya kai kuɗin da ragon ya cancanta, ya ce albarka. Ya wuce, har inda ko dillalin Baleyara zai ji kunyar nema, tsohon nan ya ce albarka, yana dariya, yana sako zancen farashin dusa don a sami abin faɗa gobe.

Ana jibi Salla, Ibrah direba, wanda ke kai masa raguna Yamai, ya tsaya a ƙofar gida bai kashe mota ba.

"Baba Maidawa, gobe da sahe za ni, kuma daga ita ba wata sai bayan Salla. In balamin ga na tahiya, a ɗaure shi da wuri."

Da hantsin ranar Malam Yakubu ya aiko da tayi na ƙarshe. Bai tambayi hadari ba. Ya ce jikoki sun ga hoton, sun sa rai, wannan shi ne iyakar ƙarfinsa. Maidawa ya danna waya da niyyar sallamawa, Allah ya sani da niyyar ya danna. Sai ya hango kansa gobe war haka a gindin gawo, ba rago, ba murya. Bakinsa ya riga shi.

"Albarka, Malam. Daɗa kaɗan dai."

Amsa ba ta zo da wuri ba. Da ta zo, gajeriya ce, muryar kuma a sanyaye.

"Maidawa, ni na ɗauka mun zama 'yan'uwa. Ashe duk hirar ga da munka sha, aljihuna kake aunawa. Ba komi. Allah shi ba ka mai saye."

Maidawa ya rarumi wayar. Nan take ya danna ya ce ya sallama, a farashin farko ma, a yi haƙuri. Saƙon ya tsaya bai shiga ba. Hoton Malam Yakubu da farar hularsa ya ɓace daga saman wayar. Ya ɗauka matsalar rezo ce, wato sabis, ya ɗaga ta sama, ya zagaya bayan gida, ba abin da ya sake. Ya sa takalmi ya ja ƙafa har tasha, wurin Nafi'u mai cajin waya.

Nafi'u ya duba sau ɗaya ya miƙo masa. "Baba, ba rezo ba ne. Mutumen ga ya toshe ka." Da ya ga yadda fuskar tsohon ta yi, sai ya zaro tasa wayar ya kwafi lambar. "Kira shi da tawa, bai san ta ba."

Rumfar cike take da masu jiran caji da masu jiran mota, kowa ya kasa kunne yana son jin zancen wani. Aka ɗauka.

"Malam, ni ne, Maidawa. Na sallama. Gobe Ibrah shi kawo ma shi."

"Na riga na sayi wani nan Yamai."

"To karɓe shi hakanan. Wallahi ba don kuɗi na ƙi ba."

"To don mi?"

Maidawa ya buɗe baki. Amsar tana nan, ya san ta sarai. Amma ta yaya dattijo mai furfura zai tsaya tsakiyar tasha, gaban yaran mota da masu tallar ƙosai, ya ce shi dai so yake a riƙa gaishe shi da hantsi? Ya dubi mutanen, suka dube shi. Malam Yakubu ya jira, ya jira iyakar abin da mutunci ya ce a jira.

"To, sai wata rana," in ji shi, ya kashe.

Maidawa ya miƙa wa Nafi'u wayarsa, ya yi godiya. A bakin tasha ya ci karo da Ibrah yana ɗaure kaya a kan mota, Ibrah ya tambaye shi ko a zo ɗaukar balamin da safe.

"A'a," in ji Maidawa. "Mai shi ya hwasa."

Ya kama hanyar gida a hankali, don ba wanda ke jiransa.